Wayar da ke cikin durowa

Sau uku Darakta yana ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar gidan mahaifiyarsa, sau uku yana mayar da shi aljihu. Mutumin da ke daka wa 'yan wasa arba'in tsawa su shiga taitayinsu, yau ƙofar katako ta gagare shi.

Gobe za a fara nuna fim ɗinsa a sinima. Labarin wani birni ne da mutanensa suka daina jin komai a ransu. Ma'aikata na zuwa ofis da fuskokin roba, mai kuka hayarsa ake yi na awa ɗaya, miji da mata kuma ta hannun sakatare suke gaisawa. Da aka yi nunin gwaji, inda aka fi shan dariya shi ne wurin da wata tsohuwa take kiran ɗanta a waya. Tana zuba masa labarin ciwon ƙafarta, muryarsa da aka naɗa tana amsawa: "To madalla." Wani mai ƙiba har faɗowa ya yi daga kujera.

Kowa ya yaba basirar Darakta, shi kuwa ya san ko alama babu basira a ciki, kwafowa ya yi daga durowar ofishinsa.

Shekara biyu ke nan. Aiki ya sha masa kai a lokacin, Umma kuma tsohuwar malamar makaranta ce, in ta kama waya ranar Lahadi sai batir ya roƙe ta arziki. Sai ya shiga ɗakin naɗar sauti ya naɗi kansa na minti ashirin. "Na'am, Umma." Shiru. "Haka ne." Shiru. "To madalla." Har da 'yar dariya a minti na tara. Ya ɗora a tsohuwar wayar da Umma kaɗai ke da lambarta, ya saita ta tana amsa kira da kanta, ya jona caji, ya tura durowa. Cewa ya yi na sati biyu ne kawai.

Duk Litinin yakan leƙa. Kira ya shigo jiya, minti ashirin cif. Lafiyarta ƙalau ke nan, sai ya rufe durowar. Tafiyar awa uku ce tsakaninsu, amma rabonsa da wannan ƙofa ya haura shekara.

Abin da ya taso shi yau kunya ce, da tsoro. Wurin tsohuwar nan aka yanka aka yi tallan fim ɗin da shi, kuma Umma ba ta rabuwa da talabijin. Gara ta ji daga bakinsa kafin ta ga duniya tana yi mata dariya.

Yayarsa ce ta buɗe. Ta dube shi daga hula har takalmi, kamar mai karanta takardar da ba tata ba, ta matsa gefe.

Umma na zaune a kujerar bakin taga, an rufa mata bargo a cinya, hannunta na dama a ƙarƙashinsa. Kofin shayi na gefenta da tsinken zuƙa a ciki. Ya durƙusa ya jero gaisuwa ba numfashi, yana tambaya yana amsa wa kansa, don ya san in ya ba ta fili ta fara, ƙarfin halinsa zai tsiyaye. Ta yi masa ɗan murmushi ta gefen baki, ta gyaɗa kai.

Ya buɗe kwamfuta ya ɗora a kan tebur, ya kunna mata wurin. A wannan ɗaki, da labulen da ya sani tun yana firamare, abin bai yi kama da barkwanci ba. Tsohuwar fim tana ta magana, muryar tana ta amsawa. Umma ta kalla har ƙarshe ba ta ƙifta ido ba.

Ya rufe kwamfutar. "Umma, wannan ɗan ni ne. Shekara biyu ba ni kike kira ba, na'ura ce. Duk abin da kika faɗa mini, ban ji ko ɗaya ba. Na cuce ki, na kuma mayar da ke abin dariya. Ki yafe mini."

Ya sunkuyar da kai yana jiran ruwan faɗa. Ya san bakinta, ya taɓa ganin ta sa hedimasta ya nemi hanyar fita daga ofishinsa. Har so yake ta fara, ko nauyin ƙirjinsa ya ragu.

Ba ta ce komai ba. Fankar sama tana juyawa, a waje wani yana ta danna hon. Ta zaro hannun hagu ta ɗora a kansa, ta bar shi a nan. Wannan ya fi masa mari ciwo.

"Umma, ko zagina ne ki yi. Don Allah ki ce wani abu."

"Ba za ta ce ba," in ji Yaya daga bakin ƙofa, hannayenta a harɗe. Muryarta babu zafi, kuma rashin zafin ne ya tsorata shi. "Ranar da ta faɗi a banɗaki, da wayarta na kira ka, ina kuka ina gaya maka muna asibiti. Ka ce mini to madalla. Na rantse ba zan sake nemanka ba, in ga ranar da za ka tuna da ƙafarka."

Ya ɗago da sauri. "Amma ai tana kira. Ko wannan Lahadin ta kira, na gani, minti ashirin."

"Ni nake danna mata lambar, da ido take roƙona," in ji Yaya. "Wata bakwai ke nan bakinta bai furta kalma ba. Sai ta kara wayar a kunne ta yi shiru, kai kuma kana ta cewa haka ne, Umma."