Dutse a Bakin Dandamali

"Dandamalinki ne, ranki ya daɗe, hau mana," in ji shugaban gidan wasan kwaikwayon, yana miƙo mata furanni.

Shi ne dai ya kore ta ana tsakiyar wasa, shekara goma sha uku da suka wuce, a zamanin mulkin Nazi, don kada 'yan kallon Berlin su tafa wa Bayahudiya. Daga baya, ita da abokan wasanta tara aka cusa a jirgin ƙasa zuwa sansanin halaka Yahudawa. Ita kaɗai ta dawo.

"Riƙe furanninka, munafuki. Ko ƙamshinsu ba na so."

Ta ciro ɗan dutse daga aljihu, ta ajiye a bakin dandamalin, ta juya.

"Wannan kuma fa?" ya tambaya.

"Mu haka muke gaida kabari."