Mai Jifa ta Tsakanin Ƙafafu

Ƙanena, maganar nan taka ta "ai kowa ma zai iya" ta kai mini wuya. Jiya a kan mai wasa muku zarto ka faɗe ta, yau kuma a kan mai dama gam. Ajiye wayar nan ka ji wani misali, ko Allah zai sa ya shiga.

A Amurka suna da wata ƙwallo tasu mai siffar gwanda, da farin ɗinki mai kauri a gefe guda, wadda ƙarti ke runguma suna gudu ana kayar da su. Wani lokaci ƙungiya kan zaɓi ta buga ta da ƙafa ta bi tsakanin wasu dogayen turaku biyu, a ba ta maki uku. Mutum uku ke yin wannan aiki. Na farko ya duƙa, kai a ƙasa, ya wurga ƙwallon baya ta tsakanin ƙafafunsa, tazarar taku takwas. Na biyu yana durƙushe, ya cafe ya kafa ta a ƙasa da yatsa, na uku ya sheƙo ya buga. Na farkon nan shi ne mai dogon jifa, kuma ba shi da wani aiki sai wannan. To a wata jami'a akwai wani irinsa. Shekara huɗu yana shiga fili sau shida ko bakwai a wasa, ya wurga, ya koma benci ya zauna. 'Yan kallo ba su san sunansa ba, don bai taɓa kuskuren da zai sa a tambaya ba.

Kyaftin ɗin ƙungiyar kuwa wani gabjeje ne mai wuya kamar turmi, a shekararsa ta ƙarshe, kuma abu ɗaya ya rage masa a makarantar: kofin yankinsu, wanda ya kuɓuce masa sau uku. Da za a tafi wasan ƙarshe a wani gari, ƙa'ida ta iyakance yawan 'yan wasan da za a ɗauka. Sai ya hau koci da naci, wai a bar mai dogon jifa a gida a ɗauki wani ƙato mai kayar da mutane, tunda wurga ƙwallo ta ƙarƙashin ɗuwawu ba sana'a ba ce, shi ma zai yi. Kocin, wanda ya kamata a ce ya fi shi hankali, ya ce a gwada. Kyaftin ya wurga sau goma, duk suka isa hannun mai cafewa, har da ƙara. Mai dogon jifa yana gefe, ya ce a hankali, "Ɗinkin fa? Ka duba inda yake kallo?" Kyaftin ya kwashe da dariya ya ce, "Kai tela ne?" Aka yi ta dariya, aka shiga mota aka bar shi tsaye da jakarsa. Wallahi duk lokacin da na zo nan sai raina ya ɓaci, don babu ko mutum ɗaya da ya ce masa me kake nufi.

Abin da yake nufi shi ne, in ƙafar mai bugu ta sauka a kan ɗinkin nan, ƙwallon kan karkace a sama. Shi ya sa bawan Allah ya kwashe shekaru yana wurgawa sau ɗari kullum, har hannunsa ya san juyi nawa ƙwallon za ta yi cikin taku takwas, ta yadda za ta faɗa tafin mai cafewa ɗinkin yana fuskantar turaku. Mai cafewa bai taɓa buƙatar juya ta ba, har ya ɗauka haka Allah ya yi ƙwallo. A wasan nan ya fara sanin bambanci. Jifa biyu na farko sun zo masa a birkice, ya murza su da ƙyar aka buga, kyaftin yana ta dukan ƙirji yana kallon koci. Sannan ruwa ya sauko. Saura daƙiƙa uku a tashi, ana binsu maki biyu, bugu ɗaya ya rage tsakanin kyaftin da kofin. Ya duƙa, ya ga duniya a kife, ga ƙarti goma sha ɗaya suna huci a kansa, ya wurga da dukan ƙarfinsa. Ƙwallon ta iso daidai hannu, ɗinkin yana kallon mai bugu. Mai cafewa ya kai yatsu zai murza, suka zame a jiƙaƙƙiyar fata, ƙafa kuwa ta riga ta taso. Ƙwallon ta tashi kamar za ta shiga, ta karkata hagu, ta wuce turke da abin da bai fi kamu ɗaya ba.

Kyaftin ya daɗe a durƙushe cikin taɓo yana kallon hannayensa, yana ta maimaita cewa ai jifan ya isa, ai ya isa. Ya isa mana! Ƙaton da aka ɗauko kuwa ko sau ɗaya bai taka fili ba, rigarsa fes ya koma da ita. Shekara huɗu mutum yana yi maka abu a gaban idonka, ba ka taɓa tambayar yadda yake yi ba, ka tashi rana ɗaya ka ce ba komai ba ne. Ai dama Hausawa sun gama magana: kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.