Sojan Cikin Talabijin

"Harbe shi mana, angona!" in ji jikata.

A talabijin ga hannuna riƙe da bindiga, ga sojan da muke ratsa wasan kwamfutar nan tare tun da aka kawo ni gidan ɗana a Kado. Yanzu labarin ya ce maci amana ne, ba a wucewa sai an kashe shi.

"Ƙyale shi, amarya. Bai yi min komai ba."

"Kai tsoho, gem ne fa!"

Ta kama yatsana ta danna maɓallin harbi. Sojan ya faɗi. Falon ya kaure da dariya, har da ɗana.

Duk gidan nan sojan kaɗai ne, in na yi nawa, yake tsayawa a bakin ƙofa ya jira ni.