Lakcaran da Aka Aika Leƙen Aji

To Malam, tunda an ce bita za a tura ka, ajiye jakar nan ka ji misali. Kada ka dubi cewa bokona a aji uku ya tsaya. Masu digirin da na ba shawara, in aka jera su sai sun cika tasha.

An yi wani lakcara a wata kwaleji, dattijo, furfura har gira. Ya koyar, ya koyar, har alli ya cinye masa farce. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujera. Sa'o'insa duk sun zama shugaban wannan, daraktan wancan, shi kuwa yana nan da allo kamar an ɗaura musu aure. Kwatsam sai aka ce za a buɗe sabon sashe na horar da malamai, da ofis mai kafet da fanka, kuma a ƙarshen bitar da za a yi za a zaɓi mai riƙe shi. Dattijo ya aika babbar rigarsa wajen masu bugu.

Masu bita suka zo daga birni da na'urarsu mai haska bango. Suka yi ta zuba: ga yadda ake tsara darasi, ga yadda ake jan ɗalibi ya buɗe baki. Dattijo na gyangyaɗi, yana cewa a ransa, wa za a koya wa? Ana haka sai suka kawo wani tsari. Kowane malami zai shiga ajin wani, ya zauna bencin baya kamar ɗalibi, ya kama bakinsa, ya yi kallo. Ranar rufewa ya faɗi abin da ya gani. Nan fa barci ya watse. Ya ce ai ga hanyar kujera, wanda ya fi kowa hango aibi shi za a ce ya fi kowa iya gyara. Aka haɗa shi da wani sabon ɗauka, matashi siriri mai yawan gaisuwa, har ƙasa yake durƙusa masa.

Dattijo ya je ya zauna baya, gwiwa na karo da benci. Matashin ya shigo, ko sallama bai ƙarasa ba ya juya wa aji ƙeya, ya kama hira da allo. Rubutu kamar kaza ta yi tono. Kafin na baya su kwafe layin farko, ya sa hannun riga ya shafe. Can ya ce, "Kun gane ai," bai ko waiwayo ba. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu har ya yi tsami, ta sauke abinta. Da wani ya yi ta maza ya yi tambaya, sai aka ce masa, "Wannan ko ɗan firamare ya sani." Dattijo daɗi kamar ya rangaɗa guɗa. Farauta ta yi kyau.

Ranar rufewa zaure ya cika. Shugaban kwaleji na kujerar gaba, shi ne mai zaɓe. Malamai suka riƙa tashi suna faɗin nasu a taƙaice, da sakayawa, don gobe ma rana ce. Da aka zo kan dattijo sai wayar shugaba ta yi ƙara, ya fita amsawa. Dattijo bai jira ba. Ya ce shi ba da baki zai faɗa ba, nunawa zai yi, kowa ya ga yadda yaron nan ke cutar 'ya'yan mutane. Ya saɓa riga, ya ɗau alli, ya juya ƙeya. Kai, ka ga kwaikwayo! Murya ta zauna daram, tonon kaza ya fito, shafewa da hannun riga ma ko tuntuɓe bai yi ba. Shi kansa ya yi mamakin yadda abin ke zuwa masa cikin sauƙi, ya ce ashe har da wannan baiwar Allah ya ba ni, ban sani ba. Zaure ya yi tsit. Ya ɗauka burgewa ce, ya ƙara wuta.

Shugaba ya dawo, ya tsaya bakin ƙofa ya ɗan kalla, ya dubi agogo. Ya ce, "Malam, wannan ai mun san shi. Shekara nawa muna wucewa ta tagar ajinka? Lokaci na tafiya, nuna mana na yaron."

Mutane suka danne dariya har wani ya ƙware. Sai matashin ya miƙe, hannu a ƙirji, shi da gaskiyarsa, ya ce, "Baba, na gode wa Allah. Ni ɗalibinka ne, a hannunka na fita. Tun da na kama aiki burina in koyar yadda kake yi, ban san na iya ba sai yau." Dattijo ya ƙura masa ido, ya ƙura, bai tuna shi ba. Yo ina zai tuna, shi da bai san fuskar kowa a aji ba sai ta allo?

Kujera dai wata malama aka ba. Ita da aka tambaye ta me ta gano a bencin baya, cewa ta yi ta gano muryarta ma ba ta kaiwa can. Da ta buɗe horon farko, mutum biyu ta fara kira, ta zaunar da su benci guda, uba da magajinsa.

Saboda haka in ka je, zauna baya ka yi kallo, amma ka riƙa duba ƙarƙashin takalminka. Masu iya magana suka ce, laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani.