Zazzaɓin Makaranta

Tun da aka kafa dokar hana yara masu ƙiriniya shiga aji sai da ɗan zazzaɓi, kullum da safe Lantana ke liƙa wa 'yarta Fiddausi filastar makaranta a hammata. Kafin a gama karyawa jiki ya ɗau zafi, yarinya ta nutsu.

Yau surukar Lantana, Iya Gambo, da ta zo daga ƙauye, ta taɓa goshin jikarta ta saki salati. Kafin Lantana ta fito daga kicin, tsohuwa ta ɓare filastar, ta yi wa yarinya wanka da ruwan darbejiya.

A ƙofar makaranta mai gadi ya auna goshin Fiddausi, ya girgiza kai. "Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Sai dai ku koma gida."

Suna dawowa Fiddausi ta yar da jaka, ta ɗare bishiyar gwaiba tana ƙyalƙyala dariya.

"Kin gani ko? Ta warke," in ji Iya Gambo.

"Ta warke, Iya," Lantana ta amsa a gajiye. Rabonta da jin dariyar nan tun hutu. Ta daɗe tsaye tana saurare, sannan ta shiga ɗaki ta ɗora filastar gobe a kan yunifom.