Fuskar Iya a Jakar Suna

Taubashi, tun ranar da ka tsaya a bakin shagona, gaban jama'a, ka ce abin da nake bugawa ba hoto ba ne, ƙyanda ce ta fito wa yadi, ban yi fushi ba. Mutum irina, da Allah ya ba hannu ya haɗa masa da haƙuri, ba ya fushi. Kwana uku kawai na yi tuwo bai yi mini daɗi ba. Zauna in ba ka misali.

An yi wani mai buga hoto a jikin riguna da jakunkuna, gwani, ga kyan sura, kada ka tambaye ni sunansa. Wata mata ta kawo masa hoton mahaifiyarta marigayiya, shi kaɗai ya rage a gidan, gefensa duk ya sha ruwa. Ƙanwarta ta haihu, za a mai da sunan tsohuwar ga jaririya, tana so a buga fuskar a jakunkunan da za a raba ranar suna. Amma ba don 'yan suna ta damu ba. Mahaifinsu ya tsufa, ido ya yi rauni, ya fara ƙorafi cewa kamannin matarsa suna ɓace masa, ko ya rufe ido ba ta zuwa. Shi take so ya gani.

To ita ragar da muke jan fenti a kanta ba ta san ɗan duhu ko ɗan haske ba, ko fenti ya wuce ko kada ya wuce. Fuskar mutum kuwa inuwa ce da ke gangarowa a hankali daga goshi zuwa kumatu. Dole a farfasa inuwar a kwamfuta ta zama ɗigo-ɗigo, manya inda duhu, ƙanana inda haske. Gwanin nan, don a ce ya iya, ya mai da ɗigon kamar garin tuwo. A kwamfuta sai ka rantse tsohuwar za ta yi magana. Da ya ɗora a raga ya wanke, ƙananan suka fi ramin ragar ƙanƙanta, suka ƙi buɗewa. Da ya ja fenti, manyan suka malale suka haɗe. Goshi ya fito fari fat, kumatu baƙi ƙirin, fuskar da ba ta uwar kowa ba.

Ya wanke ragar, ya haɗiye girman kai. Ya ƙara wa ɗigon girma har ya kai ƙwayar gero, yadda raga za ta iya ɗauka, ya sassauta duhun don fenti ya sami wurin bazuwa, sannan ya buga jakunkunan duka. Da matar ta zo, ta kai jakar dab da hancinta, ta juya ta, idonta ya ciko. Ta ce, "Malam, wannan ai tsakuwa ce. Ina Iya?" Suna gobe, babu lokacin sakewa. Gwani dai ya ce ta shanya jakunkunan idan ta je gida, fentin bai gama kamawa ba.

Ta shanya su a igiya can ƙuryar tsakar gida, bayan rumbu, da fatan kada tsoho ya lura. Shi kuwa yana kan buzunsa a ƙofar ɗaki, daga wancan ƙarshen. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, carbi ya tsaya a hannunsa. Sannan ya kira 'yarsa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Wa ya bar uwarku a rana? Kun san kanta ba ya son rana. Ku shigar da ita inuwa." Ta kwashe jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, yana bin ta da ido, yana cewa a hankali. Ta ƙarshe ya hana a shigar, ya ce a rataya masa ita a jikin bango, daga nesa kaɗan, inda yake iya ganin ta.

Mai lafiyar ido ta ƙirga ɗigo, tsoho bai ƙirga komai ba, ya ga matarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.