Kaset Ɗin Maharazu

"Ba zan je wurin alƙali a raba aurena ba, Baba," na ce. "Zai dawo."

Tunda gwamnati ta tura mijina Maharazu karatu Ingila, kaset ɗaya kawai ya aiko mini Ƙanƙara: kiɗan piyano mai sanyi, babu waƙa. Inna ta saurara, ta ce wannan kiɗan bankwana ne. Na ce ni na yi makaranta, kewata ce a ciki. Kullum kiɗan ya ƙare, sai in mayar da shi farko.

Jiya, bayan shekara goma, maɓallin mayarwa ya lalace, kaset ya zarce. Sai ga muryarsa: "Suwaibatu, ki yi haƙuri, na sake ki."

Ƙuruciyata duka na ƙarar ina gadin auren da babu shi.